Ladi Kwali da Zancen Ƙasar da Ba Mai Ita

A fuskar takardar naira 20 akwai Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ya sanar cewa za a ɗauke hedikwatar Nijeriya daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa. A bayanta kuma, tun daga 2007, akwai Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda aka haifa wajen 1925 a Kwali, garin da yanzu yake ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Abin da nake son nunawa shi ne, labarin da aka saba bayarwa a kan wannan mata da labarin da aka saba bayarwa a kan ƙasar Abuja kuskurensu ɗaya ne. A duka biyun ana fara lissafin tarihi daga ranar da baƙo ya iso.

Ga yadda akan kawo nata: wai wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ya tsinci wata baƙauyiya, ya koya mata sana'a, ta zama shahararriya. Tsarin shekarun kansa ya rusa wannan. Cardew ya kama aiki da gwamnatin mulkin mallaka a Nijeriya a 1950, kuma a zagayen da ya yi yana neman inda zai kafa cibiyarsa ya ga tukwanen Ladi a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya riga ya saye su ya adana. Ita kuwa ba ta shiga cibiyar ba sai 1954, a matsayin mace ta farko. Ke nan idan ana neman wanda ya fara gane darajar hannunta, akwai matan da ke sayen randunanta a kasuwa, akwai sarkin da ya ga sun wuce a bar su a bakin rijiya. Cardew ya zo ne a bayansu, kuma don adalci, shi da kansa bai taɓa raina ginin matan ƙasar nan ba, ya yaba shi a rubuce-rubucensa. Masu maimaita labarin ne suka ƙara gishiri.

Ya kamata a tsaya a dubi aikin da kyau, domin a nan hujjar take. Maginiyar Gbagyi ba ta juya tukunya a kan faifai. Takan ɗora curin yumɓu a kan wani abin da zai ɗaga shi, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jan bangon sama tana zagaya shi da baya-baya, tana ƙara murtsukakken yumɓu zobe bayan zobe, hannu ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗayan a waje yana shafewa. Ƙafafunta ne ke yin aikin da inji ke yi wa Bature. Idan jikin randar ya ɗan sha iska sai ta raba shi gida-gida, ta mirgina murɗaɗɗen zare don fitar da layuka, ta ɗauki wuƙa ta zana ƙadangare, kunama, kada, kifi, hawainiya ko tsuntsu. Daga nan a jera a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa, a cinna wuta. Ladi ta koyi wannan tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Daidaiton da ya ba Turawa mamaki a randunanta, da kaifin zanenta, daga wannan makaranta suka fito.

To, me Abuja ta ƙara mata? Ta koyi juya kwanuka da kofuna a kan faifai, ta kuma samu sabon yumɓu, da ruwan shafe mai ƙyalli, da tanderun da zafinsa ke haura digiri 1,200. Manyan randunan da suka kai sunanta Landan, inda aka baje su a Berkeley Galleries a 1958, 1959 da 1962, da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ake yi a Kwali, sai dai a shafe su a gasa a tanderu. Amma akwai asarar da ba a cika faɗa ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo, iska na busar da danshin. Wadda aka shafe aka gasa har ta zama kamar dutse ba ta tsattsafo, ga nauyi, ga tsada. Ta tashi daga kayan amfanin tsakar gida ta koma kayan kallo. Ban ga laifin Ladi a nan ba, ta samu hanya ta bi, kuma ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Damuwata ita ce yadda yabon ya kasance: sai da randar ta daina aikin randa sannan aka yarda cewa fasaha ce. Lambar MBE a 1963, rangadin Amurka a 1972, digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, lambar yabo ta ƙasa ta NNOM a 1980, duk sun dace da ita. Matan da suka biyo ta cibiyar, irin su Halima Audu, Asibi Ido da Kande Ushafa, da dubban da ba su taɓa taka ƙofarta ba, su ne shaidar cewa ita reshe ce a jikin babbar bishiya.

Yanzu a juya ga ƙasar. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, wanda aka kafa a 1975, ya zaɓi wannan yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 bisa dalilan da suka haɗa da cewa yana tsakiya, kuma ba ya hannun ko ɗaya daga manyan ƙabilu uku. Wannan dalili yana da ma'ana ga ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa shekara biyar kacal kafin nan. Sai dai a bakin jama'a, har da na hukuma, maganar ta zame daga "ba ta manyan ƙabilu ba ce" zuwa "ba ta kowa ba ce". Alhali Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da Egbira suna zaune a ɗaruruwan ƙauyuka. Garki, Wuse, Maitama, Asokoro, Jabi, Utako, Durumi, ba injiniyoyi ne suka ƙirƙiro waɗannan sunaye ba, na ƙauyukan da aka tarar ne. Sunan birnin ma aro ne. Abuja ta asali ita ce garin da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan jihadi ya kori ɗan'uwansa Muhammadu Makau daga sarautar Zazzau. Wannan gari ne ya sakar wa tarayya sunansa ya koma Suleja, a Jihar Neja. Tarihinsa a rubuce yake tun kafin a yi mafarkin sabon birni: Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun tsara shi da Hausa, fassararsa ta Ingilishi ta fito a 1952.

Mai musu zai ce ai yankin ba shi da yawan jama'a, kuma gaskiyarsa. Amma ƙarancin mutane shi ma yana da tarihi, kuma mu masu karatu da Hausa ya kamata mu fi kowa saninsa. A ƙarni na 19 ƙasar Gwari, wato Gbagyi, ta sha hare-haren neman bayi daga masarautun da ke kewaye da ita, har sunan Nagwamatse na Kwantagora ya zama abin tsoro. Ƙauyukan da suka maƙale a kan duwatsu tsira suka je nema. Wanda ya tarar da fili ba yawan gidaje a 1975 yana kallon tabon wancan zamani ne. Kuma raini ya daɗe bayan hare-haren sun ƙare. Har gobe a cikin barkwancinmu Bagware shi ne wanda ba ya ganewa sai an yi masa dalla-dalla, ana kuma yi wa matansu dariya don suna ɗaukar kaya a kafaɗa, ba tare da an tambayi dalili ba. Bayanin da su Gbagyi kan bayar shi ne kai yana da martabar da ta fi a ɗora masa kaya. Mutanen da aka saba yi wa dariya ba wuya a manta da su ranar rabon fili.

Sakamakon ya fito a aikace. Shirin farko shi ne a kwashe kowa zuwa wajen yankin, a biya diyya. Da binciken da Farfesa Akin Mabogunje ya jagoranta ya nuna yawan mutanen da kuɗin da za a kashe, sai gwamnatin Obasanjo ta sauya manufa a 1978: a tayar da waɗanda aikin gini ya shafa kawai, sauran su zauna. Haka aka samu Sabon Wuse a Neja da Sabon Karu a Nasarawa ta yau, haka kuma aka bar ƙauyuka a tsakiyar birni, ƙasar kakanninsu a hannun gwamnatin tarayya bisa Doka ta 6 ta 1976, suna jiran ranar da katafila za ta iso. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, shekara bakwai bayan rasuwar Ladi Kwali a Minna. An sa wa titi sunanta a Wuse, an sa wa babban ɗakin taro. Mutanenta kuwa ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanatansu ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu, kuma sai a 2023, shekara 47 bayan dokar da ta karɓi ƙasarsu, aka naɗa ɗan asalin yankin, Zephaniah Jisalo, minista a gwamnatin tarayya.