Komowar Mariri Hamadar Dubai

Fataken Kano da na Maradi masu sarin kaya a unguwar Al Sabkha ta birnin Dubai ba safai suke tambayar ma'anar sunan ba. Sabkha a Larabci ita ce fadamar gishiri, watau irin ƙasar da ke shimfiɗe tsakanin bakin teku da tuddan rairayi. Can bayan waɗannan tuddai ne mazaunin mariri, wanda Larabawa ke kira maha: fari fat, mai miƙaƙƙun ƙahoni, yana iya daɗewa bai sha ruwa ba, raɓa da danshin tsiro sun ishe shi.

Shekaru aru-aru Larabawan ƙauye suna farautarsa a kan raƙuma, ba su kuwa ƙarar da shi ba. Amma da kuɗin man fetur suka kawo mota da bindiga mai sarrafa kanta, sai nisan hamada ya daina kare shi. A 1972 aka kashe na ƙarshe da aka sani a dajin Oman. Abin da ya ceci irinsa shi ne guda uku da aka kama a kudancin ƙasar Larabawa a 1962, aka haɗa da waɗansu da sarakuna suka bayar, aka yi kiwonsu a gidan dabbobi na Finiks a Amurka. Zuriyarsu aka fara saki a Oman a 1982.

Dubai ta bi sahu a 1999, ta killace fili a wurin da ake kira Al Maha, daga baya aka faɗaɗa shi ya kai murabba'in kilomita 225. Da aka rage kiwon raƙuma, ciyawa ta farfaɗo a gindin itatuwan gaf, barewa ta yawaita. Sai dai gandu ne mai shinge, dabbar da a da take bin ruwan sama duk inda ya sauka, yanzu waya ce iyakarta. Oman da ta bar nata a buɗe ta sha wuya: ɓarayin dabbobi suka kwashe mafi yawa, gwamnati ta rage filin, har UNESCO ta soke sunansa daga wuraren gado na duniya a 2007.

Maririn Sahel mai lanƙwasassun ƙahoni, wanda a da ya yawaita a Nijar, shi ma an tabbatar da ƙarewarsa a daji a 2000. Daga garken da aka tara a Abu Dabi aka ɗauko waɗanda aka saki a Cadi a 2016.