Kari da Amsa-amo: Aro ko Gado?

A ƙarni na 8 Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara ilimin aruli, ya ƙididdige karuruwan waƙar Larabci 15, daga baya aka ƙara na 16. Da malaman jihadi suka ɗauki alƙalami a ƙarni na 19, waɗannan ma'aunai suka tarar a littattafansu, kuma suka dace da Hausa domin ita ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Daga nan rubutacciyar waƙa ta sami baiti mai ƙwar biyu da mai ƙwar biyar, da babban amsa-amo da ke rufe kowane baiti, da ƙarami da ke ɗaure ɗangogin ciki.

Sai dai masu sauraronsu yawanci ba makaranta ba ne. Nana Asma'u (1793–1864) ta riƙa koya wa jajoji waƙoƙinta, su kuwa su kai wa matan ƙauyuka da ka. Kari ne ke hana kalma faɗuwa a hanya, amsa-amo ke tuna wa mai rerawa inda baiti zai sauka, maimaitawa kuwa ta kafa darasi a zuciya. Duk wanda ya ga masaƙan Minjibir a bakin aiki ya san zaren tsaye shi ke riƙe ƙyalle, ko da ado ne ke jan ido.

A 1975 M.K.M. Galadanci ya kira wannan haɗuwa auren Larabci da Hausa. Amma Imfiraji ta Aliyu Namangi (1894–1990) ta dagula lissafi. Wasu manazarta sun auna ta da Ramal, wasu suka nuna cewa daga kiɗan caji na makaɗan baka ya ɗauko karinta. Makaho ne shi, da kunne ya auna waƙarsa, kuma a bakin makafi masu bara ta zaga kasuwannin ƙasar Hausa. Haka Sa'adu Zungur ya ɗora baitocin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kan amsa-amon "ya", har wanda bai iya karatu ba ya haddace hujjar siyasa.

Saboda haka ɗalibin da ya tsaya ga yanka ɗango ƙafa-ƙafa bisa takarda, rabin aiki ya yi. Littafi ya ba karin suna, amma sai an rera waƙa ake sanin ko ta karye.