Wasiƙar da Ba a Hannunka Take Ba

A ƙarshen Satumbar kowace shekara, mu da muke tace takardun likitocin da ke neman horon ƙwarewa a asibitocin Amurka mukan tarar da fayil ɗin da komai ya cika, sai wasiƙar shaida ɗaya ko biyu da ba su iso ba. Matasa suna ɗauka matsalar zamanin intanet ce, alhali ta girmi kwamfuta.

A shekarun 1940 guraben aiki sun fi masu kammala karatu yawa, don haka asibitoci suka shiga rige-rigen kama ɗalibai tun saura shekara biyu su gama. A 1945 makarantun likitanci suka haɗa baki cewa ba za su saki sakamako da wasiƙun shaida ba sai ranar da aka tsayar. A lokacin, riƙe wasiƙa kariya ce ga ɗalibi. Sai asibitoci suka koma buga waya, a ba mutum 'yan sa'o'i ya ce i ko a'a. Wannan rikici ne ya haifi tsarin NRMP a 1952, wanda ke haɗa zaɓin ɗalibi da na asibiti a rana guda. Alvin Roth, wanda ya sami kyautar Nobel a 2012, yana cikin waɗanda suka gyara lissafin da aka fara aiki da shi a 1998.

Wasiƙa kuwa ta daɗe tana tafiya a ambulan. Ko da ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC ta kawo ERAS, tsarin aika takardun nema ta kwamfuta, a tsakiyar shekarun 1990, ofishin shugaban makaranta ne ke karɓar takardar ya shigar da ita kwamfuta. A ofishin nan akwai sakatariyar da ta san wane farfesa ne mai nawa, ta bi shi har ƙofar ɗakin tiyata da takarda da biro. Daga zagayen neman horo na 2016 aka ce marubucin, ko wakilinsa, shi zai ɗora wasiƙar da kansa. An rage aiki, an ƙara sirri, amma mai bibiya ta fita daga tsarin, nauyin ya koma kan wanda ya fi kowa ƙarancin iko.

Likitan da ya yi karatu a Zariya ko Kano ya fi jin jiki. Wasiƙarsa sai ta bi ta hukumar ECFMG da ke Filadelfiya, mai tantance likitocin da suka yi karatu a waje, a duba ta na wasu kwanaki, kuma idan babu sa hannu ko tambarin asibiti a kai, a mayar da ita. Ga shi an raine shi da kunyar matsa wa babba. Ya tuna masa sau ɗaya, an ce "kada ka damu, zan yi," sai ya yi shiru yana duba waya tsakar dare. Mu kuma mun buɗe takardu, mun tace, cikin Oktoba mun aika gayyatar ganawa. Kaɗan ne ke komawa fayil ɗin da suka wuce. Tun da jarrabawar lasisin likita ta Step 1 ta koma ci ko faɗuwa kawai a Janairun 2022, wasiƙa ta ƙara nauyi, rashinta ma haka.

Abin yana ci mini rai, domin laifin babba ne ake hukunta ƙarami a kansa. Wanda ya san ba zai rubuta ba, ya faɗa tun Yuli.

Masu nema kuwa ina gaya musu kada su riƙe takardunsu don jiran wasiƙa ɗaya. Kowane asibiti yana karɓar har huɗu, yawanci uku sun wadatar. A roƙi mutum biyar, a aika da abin da ya samu a ranar farko, a bar gurbi ɗaya a buɗe, tunda wadda aka riga aka tura wa asibiti ba ta ciruwa. Idan ta iso, a tura ta nan take, a rubuta wa jami'in shirin layi biyu cewa fayil ya cika.