Ciwon Cikin Doki a Tarihin Barga: Ƙonni da Adar daga Ƙarni na 17 zuwa Yau

1. Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Hausa sun daɗe da fahimtar cewa sarauta da doki tare suke tafiya. Littafin Joseph Smaldone a kan yaƙi a daular Sakkwato (1977) da na Robin Law a kan doki a tarihin Afirka ta Yamma (1980) sun nuna yadda ake sayen dawaki, da yadda ake yaƙi da su. A wannan maƙala muna so mu duba abin ta wata fuska, wato yadda ake raya doki bayan an saye shi. Mun zaɓi cuta guda, ciwon ciki, wanda likitocin dabbobi ke kira colique da Faransanci, domin shi ne ya fi saurin raba mai doki da dokinsa: dabbar da ta ci ta sha da maraice tana iya mutuwa kafin asuba. Yankin da muka duba shi ne gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela a jihar Tawa. Mai karatu ya lura da cewa Illela biyu ce: akwai ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, akwai kuma ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Birnin Ƙonni a tsallaken iyaka.

2. Tsadar doki

Djibo Hamani (1975) ya nuna cewa a 1674 ne Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, kuma zuriyarsa ce ke sarauta a Illela. Wannan ya ɗaure Adar da Azbin, inda dawaki masu suna ke fitowa, irin su ɗan Azbin da Bagazam. Ta kudu kuwa, Ƙonni na cikin garuruwan farko da masu jihadi suka ci a 1804, kuma a yaƙin Tabkin Kwatto na wannan shekara dawakinsu ba su wuce kimanin 20 ba, a gaban rundunar Yunfa Sarkin Gobir. Sun ci yaƙin da baka da kibiya, amma cikin ƴan shekaru su ma suka koma ga barga da lifidi, domin da ƙafa ba a riƙe ƙasa mai faɗi.

Doki kuwa dukiya ce mai nauyi. Tun ƙarni na 16 Leo Africanus ya ruwaito cewa a Barno ana musanya doki guda da bayi 15 zuwa 20. Farashin ya sauka daga baya da aka riƙa kiwon manyan dawaki a ƙasar, amma ɗawainiyar ba ta sauka ba: ingarma guda na buƙatar mai yankan ciyawa, da mai ɗibar ruwa, da hatsin da zai ciyar da mutane. Saboda haka mutuwar doki a turke asara ce ta siyasa. Baraden da dokinsa ya mutu ya koma dakare, kuma sarkin da ya ba shi dokin sai ya nemo wani, ko ya rasa baraden.

3. Yadda turke ke jawo cutar

A nan dole mu ari ilmin likitoci, domin shi ne zai sa mu gane abin da ƴan barga ke fama da shi. Tumbin doki ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da lita 15, kuma doki ba ya iya amai. Ƙaramin hanjinsa ya haura mita 20, babban hanjin kuma yana da lanƙwasa inda yake tsukewa, inda busasshen abinci ke iya cushewa. An halicci wannan ciki domin dabbar da ke kiwo kaɗan-kaɗan yini da dare tana tafiya. Dokin sarauta kuwa akasin haka ake yi masa: a ɗaure shi a turke, a cika shi da hatsi ko dawa sau biyu ko uku a yini, domin ya yi ƙiba ya iya ɗaukar lifidi da sulke. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana tsami a hanji ya haifar da iska. Ke nan tsarin da ya samar da dokin yaƙi shi ne ya samar da cutarsa.

Ƙasar ma ta ƙara nata. A kan tudun Adar mai duwatsu ruwa na wuya da bazara, abincin kuma ya koma kara da ƙaiƙayi da tsohuwar harawa. Ƙarancin ruwa da busasshen abinci su ne tushen cushewar hanji. A kwarin Magiya, wanda ya ratso ƙasar Malbaza da Ƙonni ya nufi tabkin Kalmalo, ruwa ya fi sauƙi, amma inda ƙasa ke da rairayi doki kan haɗiye yashi idan an zuba masa abinci a ƙasa, ko idan yana tsigar sabuwar ciyawa da saiwarta a farkon damina. Yashin yakan taru a babban hanji. Da kaka kuma sabon hatsi ne ke yin ɓarna. Mu tuna cewa da rani ake fita yaƙi, bayan an gama girbi, wato dokin da aka yi wa kiwon turke watanni sai a fitar da shi tafiya mai nisa tsakanin rijiyoyi, abincinsa da shansa su sauya gaba ɗaya.

4. Abin da ƴan barga ke yi

A fadojin Hausa Shamaki ne ke kula da barga, kuma sau da yawa sarautar bayi ce. Masu aikin hannu a ƙarƙashinsa su ma bayi ne ko barori. Ilminsu da baka yake tafiya. A Masar ta zamanin Mamluk, Abubakar ibn Badr al-Baiɗar ya rubuta wa Sultan al-Nasir Muhammad littafi sukutum a kan kiwon doki da magungunansa a ƙarni na 14. A nan kuwa alƙalami na hannun malamai, ragama na hannun bayi, shi ya sa wanda ke son wannan tarihi sai ya neme shi a cikin al'adar da ta rage a barga, da ƙamusun Bargery (1934), da littafin Dalziel a kan tsirrai masu amfani (1937).

Alamomin cutar sanannu ne ga duk mai doki: ya ƙi ci, ya riƙa tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, yana birgima, gumi na karyo masa, kashi ya ɗauke. Yakan kuma miƙe jiki kamar mai shirin fitsari, abin da ke sa mutane da dama, a nan da Turai, su zaci fitsari ne ya riƙe shi, alhali matsalar tana hanji.

Matakin farko shi ne a janye abinci, a kama ragama a yi ta zagayawa da shi. A ganinmu wannan shi ne mafi ingancin abin da aka gada, kuma likitoci na yau ba su sauya shi ba, illa sun ce kada a gajiyar da dabbar: tafiya a hankali na motsa hanji, tana kuma hana birgimar da doki ke ji wa kansa rauni da ita. Na biyu shi ne ɗura. Ana jiƙa kanwa, ko tsamiya, ko a ba da mai. Ɓawon maɗaci ma Dalziel ya ambaci ba dawaki shi. Kanwa tana da matsayi na daban, domin ba sai doki ya kamu ake ba shi ba, ana cuɗa ta da dusa a kai a kai. Paul Lovejoy (1986) ya nuna cewa dabbobi na cikin manyan masu cin kanwar da fatake ke yawo da ita. Amfaninta a bayyane yake: tana sa ƙishirwa, doki ya sha ruwa da yawa, abin da ke cikin hanji ya yi laushi. Illar ɗura kuwa tana ga yadda ake yin ta. Idan aka ɗaga kan doki sama aka kwarara masa ruwa ko mai, ballantana ta hanci, abin na iya faɗawa huhu, dokin ya tsira daga ciwon ciki ya mutu da ciwon huhu bayan kwanaki. Lalas, wato ƙona fata da ƙarfe mai zafi, ba ya isa ga hanji. Rubutu da laya kuma suna nan tare da duk waɗannan.

Me ya sa kowane magani ya sami masu yabonsa? Domin mafi yawan ciwon ciki na iska ne ko ƴar cushewa, kuma yakan wuce cikin sa'o'i. Wanda hanji ya murɗe ko ya ruɓe kuwa, ba kanwa ba lalas, sai tiyata.

5. Zamanin Nasara da bayansa

A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta sa garin cikin da'irar Sakkwato, sai gyaran 1904 da 1906 ya mai da shi hannun Faransa. Yaƙi ya ƙare, doki ya zama abin hawan sarakuna da masu gadin komanda. Abin mamaki shi ne makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya, wadda Claude Bourgelat ya kafa a Lyon a 1761, ta fito ne daga hannun masanin doki, amma ma'aikatar kiwo ta mulkin mallaka, da ma'aikatanta da aka horar a Bamako tun shekarun 1920, shanu suka sa gaba, musamman cutar bushiya. Haka aka ci gaba bayan samun ƴancin kai, da gangamin rigakafi na 1962. Cutar da ba ta yaɗuwa, ba ta da allura, tana kama dabba ɗaya da tsakar dare, ba ta dace da aikin ma'aikata mai yawon rigakafi ba, sai ta ci gaba da zama a hannun ƴan barga, waɗanda su kuma suka yi ta raguwa bayan hana bauta.

Sauyi na gaske daga kantin magani ya zo. Ivermectin, wanda ya fito a 1981, yana kashe wata tsutsa, Strongylus vulgaris, wadda ƴaƴanta ke shiga jijiyar da ke kai jini ga hanji su toshe ta. Dā tana cikin manyan dalilan ciwon ciki mai kisa. Allurar kashe zafi irin su flunixin tana kwantar da doki, amma tana iya ɓoye murɗewar hanji har lokaci ya ƙure. Likita yakan ƙirga bugun zuciya, wanda a doki mai lafiya yake tsakanin 28 da 44 a minti, kuma idan ya haura 60 abin ya yi tsanani; sannan ya zura roba ta hanci har tumbi, ya fitar da iska da ruwa, ya zuba magani ba tare da ya taɓa huhu ba.

Yau babur ya karɓe sufuri a Ƙonni da Galmi da Badagishiri, doki ya koma na hawan salla da sukuwa da biki. Wannan ya dawo da tsohuwar matsalar a sabuwar siga: dokin da ya shekara a turke sai a ƙara masa hatsi ana saura makonni salla, a hau shi yini guda cikin rana. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba, alhali Yamai ta haura 400. Amma tsakaninsu akwai iyakar 1906, wadda aka rufe daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa daga 2023 zuwa 2024.