Burodi, Ruwan Famfo da Kuzar Jos: Gardamar Manchester da Birmingham

Tsakanin Manchester da Birmingham ba wata tazara ba ce, amma a ƙarni na 19 biranen biyu sun yi hannun riga a kan tambaya guda: daga ina ya halatta hukuma ta samo kuɗinta?

A lokacin Manchester garin masaƙu ne. A 1815 majalisar Ingila, wadda masu manyan gonaki suka cika, ta kafa dokar toshe ƙofar hatsi mai araha daga waje, burodi kuwa ya yi tsada. A 1838 aka kafa ƙungiyar yaƙi da dokar a Manchester, Richard Cobden da John Bright suka zama bakinta. Hujjarsu ita ce, harajin abinci a cikin talaka yake sauka, don mai kuɗi ba ya cin burodi goma saboda yana da hali. Ba tausayi ne zalla ba, masu masaƙa na neman kasuwar yadinsu. Duk da haka sun yi nasara, Firaminista Robert Peel ya soke dokar a 1846.

Birmingham ta bi wata hanya dabam. A 1873 Joseph Chamberlain, wanda ya yi arziki da ƙera ƙusoshi, ya zama magajin gari. Ya tarar da unguwanni na shan ruwan rijiyoyi masu ƙazanta, baitulmali kuma ba ta da ƙarfin gyara. Maimakon ya ƙara wa jama'a haraji, sai ya ci bashi da sunan gari ya sayi kamfanonin iskar gas a 1875, ya bi da na ruwa a 1876. Ya kuma raba su gida biyu: gas a ci riba da shi a yi wa gari aiki, ruwa kuwa kada a nemi ribarsa, duk rarar da aka samu a rage wa mutane farashi. Da ribar gas ɗin aka gina gidan tarihin birnin, wanda aka buɗe a 1885, ofishin gas na ƙasa, zane-zane na sama. A ganina wannan rarrabewa ta fi duk jawabansa daraja. Abin dariyar shi ne a wancan lokacin Manchester mai wa'azin sakin kasuwa tun 1817 take riƙe da gas ɗinta.

Mu kuma ta ina abin ya shafe mu? Wannan Chamberlain ɗin shi ne sakataren mulkin mallaka daga 1895 zuwa 1903, kuma yana kallon ƙasashen da aka mallaka a matsayin gandun da ba a nome ba. Yana kan kujerar aka naɗa Lugga ya mulki Arewa a 1900, yana kanta Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Sai dai adalcin da ya yi wa mai ɗiban ruwa a Birmingham bai tsallako teku ba. Talakan Arewa ya ci gaba da biyan haraji, Bafulatani da jangali. Arzikin ƙarƙashin ƙasa kuwa, da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja, sai ta biya shi diyyar fam 865,000, ta kuma yarje masa rabin kason da za ta karɓa daga ma'adinan wani makeken yankin Arewa har shekara 99. Kuzar Jos na cikin wannan yanki.