Rana Ɗaya a Gidan Gwale-gwale: Littafin da Ya Girgiza Rasha

 Yau ƙasar Rasha za mu leƙa, kuma maganar wani ɗan ƙaramin littafi za mu yi.

A watan Nuwamba na 1962, wata mujallar adabi ta birnin Mosko mai suna Novy Mir ta buga labarin wani malamin makaranta da ba wanda ya san shi, Aleksandr Solzhenitsyn. Sunan labarin da Hausa "Rana Ɗaya a Rayuwar Ivan Denisovich". Marubucin tsohon kyaftin ɗin soja ne. An kama shi a 1945 saboda ya soki Stalin a wasiƙun da yake aika wa abokinsa daga fagen daga. Wasiƙa fa, tsakanin aboki da aboki. Shekara 8 aka yanka masa.

Labarin ba shi da wani jarumi. Ivan manomi ne da Jamusawa suka kama a yaƙi, ya tsere ya dawo, sai gwamnatinsa ta ce ɗan leƙen asiri ne, ta ba shi shekara 10. Daga asuba zuwa dare muke bin sa: yana ɓoye guntun burodi cikin katifa, yana ajiye cokalinsa cikin takalmi, yana jera bulo cikin sanyin da ke daskarar da siminti. Da dare ya yi, sai ya ga ranar ta yi masa kyau, tunda ba a kulle shi a kurkukun horo ba, kuma ya samu ƙarin abinci. A ganina nan ne zafin littafin yake. An mayar da mutum inda ƙarin kwano ɗaya ya zama abin murna.

To ta yaya aka bari ya fito? Editan mujallar, Aleksandr Tvardovsky, shi ya yi ta faɗi-tashi har rubutun ya kai hannun Khrushchev, shugaban Tarayyar Sobiyet. Shi kuwa tun 1956 ya fara tonon asirin Stalin, don haka littafin ya zo masa daidai. Wato siyasa ce ta buɗe ƙofar. Da aka tumɓuke Khrushchev a 1964, ƙofar ta koma ta rufe.

Daga nan masu karatu suka koma abin da suke kira samizdat, ma'ana buga da kanka. Mutum zai zauna da tafireta da takardar kabon ya buga kwafi huɗu ko biyar, ya miƙa wa waɗanda ya amince da su, su ma su sake bugawa. In aka kama ka da shi, kana iya rasa aikinka ko ka sha ɗauri.

Wasiƙun tsofaffin fursunoni suka yi ta zuwa wa Solzhenitsyn, kuma da shaidar mutum fiye da 200 ya rubuta babban littafinsa kan sansanonin Gulag. An ba shi kyautar Nobel a 1970. Littafin ya fito a Paris a ƙarshen 1973, a Fabrairun 1974 aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa aka kore shi. Sai 1994 ya koma gida.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Mai tsananin kishin Rasha ne, ya caccaki Turawan Yamma son ransa, kuma ra'ayinsa kan Yukren har yau yana ɓata wa mutane da yawa rai. A 2007 Putin da kansa ya je gidansa bayan ba shi lambar yabo ta ƙasa.

Ya rasu a 2008. A 2009 aka sa littafin Gulag cikin manhajar makarantun sakandaren Rasha. A Disambar 2021 kuma kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin rufe Memorial, ƙungiyar da ta shafe fiye da shekara 30 tana tattara sunayen waɗanda aka kashe ko aka ɗaure a zamanin Sobiyet.