Ɗibar soja da ikon majalisa a Nijar: abin da tarihin ƙasar Arewa ya nuna (1912-2023)

Gabatarwa

Duk ƙasar da ke da rundunar soja tana fuskantar tambaya guda: mutum nawa za a ɗauka, kuma wa ke da ikon yanke wannan adadi? Tambayar ta shafi dukiyar ƙasa, domin kowane soja yana da albashi da abinci da makami da kuɗin ritaya. Ta kuma shafi gidaje, domin samarin da ake ɗauka su ne hannuwan noma na iyayensu. Manufar wannan takarda ita ce bin sawun wannan tambaya cikin tarihin Nijar, muna dubanta daga Geceme, mazaunin sarkin kanton Takasaba, cikin Dallol Mawri, kusa da iyakar Najeriya. Idan muka ce Arewa a nan, muna nufin ƙasar Arawa, wato yankin Dogon Dutsi da Tibiri. Abin da muke son nunawa shi ne, adadin sojan da ake bukata ya daɗe yana saukowa daga sama har ƙauye, amma bayaninsa bai cika isa gaban wakilan jama'a ba.

1. Asalin ƙa'idar

Ƙa'idar da ta ce sai gwamnati ta nemi yardar majalisa kafin ta tara soja ta samo tushe daga rikicin sarakunan Turai da majalisunsu. A Ingila, dokar haƙƙoƙi ta 1689 ta haramta wa sarki riƙe runduna lokacin zaman lafiya ba da amincewar majalisa ba. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya hana a ware wa sojan ƙasa kuɗin da ya wuce na shekara biyu a lokaci guda, don dole gwamnati ta riƙa komawa gaban majalisa. A Faransa kuwa, tsarin mulkin 1830 ya tanadi cewa kowace shekara majalisa ce za ta jefa ƙuri'a kan adadin samarin da za a ɗauka.

Sai dai wannan ƙa'ida ba ta ƙetare teku ba. Tun daga wata doka ta 3 ga Mayu 1854, yawancin ƙasashen da Faransa ta mallaka ana mulkinsu ne da ƙudirin gwamnati, ba da dokar majalisa ba. Ke nan abin da a Faransa sai an yi muhawara a kansa, a Afirka sa hannun shugaban ƙasa da ministansa ya isa.

2. Arewa kafin Turawa

Binciken Marc-Henri Piault kan tarihin Mawri (1970) ya nuna cewa iko a wannan yanki a rarrabe yake tsakanin sarakunan yaƙi, kamar Sarkin Arewa da Samna na Tibiri, da masu ƙasa irin su Sarauniyar Lugu da Baura na Bagaji. Babu runduna ta dindindin mai albashi. Mayaƙa suna taruwa ne da rani bayan an kai amfanin gona gida, bisa zumunta da ƙawance da fatan ganima, kamar yadda ya faru a tsakiyar ƙarni na 19 lokacin da Arawa suka haɗa kai da Kabawa da Zabarmawan Doso a kan Gwandu. Sarki ba ya iya yanke adadi daga fadarsa ya ce a cika shi. Sai ya shawo kan manyan garuruwa. Bayan wucewar ayarin Voulet da Chanoine a 1899, da daidaita iyaka tsakanin Faransa da Ingila a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, yankin ya tabbata a hannun Faransa, wannan hanya kuma ta canza.

3. Adadin da ke saukowa daga sama (1912-1945)

A 1910 Charles Mangin ya wallafa littafinsa La Force noire, inda ya ce Afirka ta Yamma rumbu ne na sojoji da zai cike wa Faransa giɓin ƙarancin haihuwa. Ƙudirin 7 ga Fabrairu 1912 ya kafa ɗibar soja ta tilas. Da yaƙin duniya na farko ya yi zafi, a ƙarshen 1915 aka nemi mutum 50.000 daga Afirka ta Yamma, abin da ya taimaka wajen tada babban boren yankin Bani da Volta na 1915-1916. Gwamna-janar Joost van Vollenhoven ya gargaɗi Paris cewa ƙasashen sun gaji, ya kuma ajiye aiki a Janairun 1918 da Clemenceau ya ɗora sabuwar ɗiba a hannun Blaise Diagne. Wannan ɗiba ta tara wajen mutum 63.000.

A nan ya kamata mu lura da matsayin Diagne. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa, a 1914, amma mazauna garuruwa huɗu na Senegal ne suka zaɓe shi. Dokokin 1915 da 1916 da ya yi wa fafutika su kaɗai suka shafa. Mutanen Geceme da Matankari da Tibiri ba su da wakili a majalisar, kuma lokacin da Diagne ya zo Afirka a 1918 ya zo ne a matsayin wakilin gwamnati mai neman soja.

Ƙudirin 30 ga Yuli 1919 ya mai da ɗibar abin kowace shekara, aikin soja na shekara uku. Myron Echenberg (1991) ya bayyana yadda take gudana. Paris ke yanke jimla, sama da mutum dubu goma a shekara. Gwamna-janar a Dakar ya raba wa ƙasashe, gwamna ya raba wa kumandodi, kumandan ya raba wa sarakunan kanto, su kuma su matsa wa masu gari. Kwamiti mai hafsa da likita da magatakarda yana zagayawa, a auna samari, a fid da marasa lafiya, sa'an nan a ja ƙuri'a. Kashi na farko ya shiga soja. Kashi na biyu ya zama ajiya, kuma daga 1926 aka fara tura shi aikin ƙarfi a wasu ƙasashen. Nijar ba ta cikin waɗanda aka fi ɗiba, idan aka kwatanta da Sudan ta Faransa ko Gine ko ƙasar Mosi, amma tsanin ɗaya ne a ko'ina.

Wannan tsani yana da sakamako biyu ga yanki irin na Geceme. Na farko, nauyin ya faɗa kan sarkin kanto, wanda ake auna biyayyarsa da cika adadi, ga haraji ga aikin tilas. Shi ya sa ake yawan tura ƴaƴan marasa galihu, a ɓoye na masu hali. Na biyu, iyaka tana kusa, kuma Ingila ba ta kafa irin wannan ɗiba ta shekara-shekara a Najeriya ba. Ƙaura zuwa ƙasar Kabi da Sakkwato, wadda ta ƙaru lokacin yunwar 1931, ita ce hanyar da talaka ya samu ta nuna ƙin yardarsa, tun da ba shi da zauren da zai faɗe ta.

4. Majalisa ta samu, ikon bai samu ba (1946-1974)

A 1946 dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, dokar Lamine Guèye ta ba mutanen ƙasashen mallaka matsayin ƴan ƙasa, aka kafa majalisar shawara ta Nijar, aka kuma zaɓi Diori Hamani ɗan majalisa a Paris. Amma ko dokar Defferre ta 1956, wadda ta ba ƙasashen gwamnatocin cikin gida, ta bar tsaro a hannun Faransa, haka ma tsarin mulkin 1958. Majalisar Yamai tana tattauna haraji da makarantu da rijiyoyi, ba ta da ta cewa kan soja.

Bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960, aka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa ranar 24 ga Afrilu 1961, aka kuma kafa rundunar sojan Nijar a wannan shekara, mafi yawan mutanenta daga sojan Faransa suka fito. A rubuce, majalisar da Boubou Hama ke shugabanta ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ciki har da na soja. A aikace, an haramta Sawaba tun 1959, duk ƴan majalisa ƴan jam'iyya guda ne, PPN-RDA, kuma girman rundunar ana daidaita shi ne tsakanin fadar shugaban ƙasa da mashawartan Faransa.

5. Lokacin da soja ya rufe majalisa (1974-1999)

Juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974 ya rusa majalisa, ba a sake zaɓen wata ba sai Disamba 1989. Shekara 15 ke nan babu ma zauren da za a kai wa bayani. Babban taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 shi ne karo na farko da fararen hula suka titsiye manyan hafsoshi a bainar jama'a, kan kisan ɗalibai na 9 ga Fabrairu 1990 da abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayun wannan shekara. A Fabrairun 1992 ƙananan sojoji suka yi bore kan albashi, suka kame gidan rediyo, suka tsare André Salifou, shugaban majalisar riƙon ƙwarya. Boren ya nuna a fili cewa adadin soja da ƙarfin baitulmali abu ɗaya ne: wanda aka ɗauka ba a tanadi albashinsa ba, da bindiga zai zo neman sa.

Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta ƙara wani salo, domin ta tanadi shigar da tsofaffin ƴan tawaye cikin jami'an tsaro. Wato an yanke wani ɓangare na adadin a teburin sulhu. Ranar 27 ga Janairu 1996, Ibrahim Baré Maïnassara, wanda asalinsa Dumega ne, cikin gundumar Tibiri ta yau inda Geceme take, ya kifar da jamhuriya ta uku tare da majalisarta. An kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999, aka binne shi a Dumega.

6. Tagar da ta buɗe ta rufe (2010-2023)

Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya tanadi cewa shelar yaƙi da tura soja waje sai da izinin majalisa, wadda ke da kwamitin tsaro. An yi amfani da wannan tanadi a Fabrairun 2015, da ƴan majalisa suka amince a tura soja Najeriya yaƙar Boko Haram. Bayan hare-haren Inates (Disamba 2019, soja 71) da Shinagodar (Janairu 2020, soja 89), ministan tsaro Issoufou Katambé ya shaida wa majalisa, a ƙarshen Nuwamba 2020, cewa za a ninka rundunar daga mutum 25.000 zuwa aƙalla 50.000 cikin shekara biyar. Wannan shi ne misali mafi bayyana na gwamnatin Nijar tana faɗa wa wakilan jama'a sojan da take bukata. Amma sanarwa ce, ba neman izini kan adadin ba. A shekarar kuma, binciken kwangilolin makamai na ma'aikatar tsaro, wanda ya ambaci asarar wajen miliyar 76 na sefa, daga ɓangaren gwamnati ya fito, ba daga majalisar da ta amince da kuɗin ba. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da tsarin mulkin, majalisar ta tafi da shi.

Kammalawa

Daga 1912 zuwa 2023, shekarun da Nijar ta yi da majalisa mai jam'iyyu da yawa wadda tsaro ke cikin huruminta ba su kai talatin ba. Mun kuma ga cewa matakai uku ne daban-daban: a sanar da majalisa adadi, a nemi yardarta, a ba ta damar bin diddigin yadda aka cika shi da abin da ya ci. Nijar ta taka na farko, ta taɓa na biyu ta hanyar kasafin kuɗi da izinin tura soja waje, na uku ne ya fi rauni. Ga ɗaliban da ke neman batun bincike, rahotannin barikin Dogon Dutsi da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, da takardun gwamna-janar a Dakar, da abin da iyalan mazan jiya na Geceme da ƙauyukanta suka riƙe a ka, idan aka gwama su, za su nuna yadda adadin da aka rubuta a Paris ya zama sunayen mutane a ƙofar sarkin kanto.